Hannayen Bartholomew

Bahaushe ba ya ɓata. Ka ɗauke shi ka ajiye a tsakiyar ƙanƙara, ka dawo bayan shekara talatin, za ka same shi da sunansa, da sunan ubansa, da hularsa a ka, yana tambayar ina ne gabas. Sauran al'ummomi sukan narke a ƙasar wasu kamar gishiri a miya. Bahaushe kuwa tsakuwa ne, sai dai miyar ta ƙare ta bar shi a gindin tukunya.

Wannan shi ne ginshiƙin binciken Dakta Sha'aban, shugaban ƙungiyar Hausawan Manchester, kuma da shi ya tarbi baƙuwarsa tun kafin ta ajiye jaka. Bai kai ga zama dakta ba tukuna. Ya daɗe a jami'a a Salford yana rubuta kundinsa a kan asali da sanin kai, har jama'a suka gaji da jira suka ba shi laƙabin tun da wuri, shi kuma bai ga dalilin ɓata musu rai ba.

Sunan baƙuwar Ofelia Barraza, 'yar jarida mai ɗaukar hoto. An haife ta a Fresno ta Kalifoniya, iyayenta 'yan Meksiko masu aikin gonar inabi. Ta fara da hotunan biki da jana'iza a wata ƙaramar jarida, ta wuce bakin iyaka, da mayankar kaji inda 'yan ƙasarsu ke aiki, da layukan masu jiran takardun zama. Ta yi suna wajen bin mutanen da ba su da tabbacin ko su 'yan ina ne. A shekarar 2006, lokacin da kowace mujalla ke ɗokin sanin abin da Musulmin Ingila ke ci da abin da suke tunani, aka turo ta. Ta gama da Bradford da gabashin Landan, sai wani ya ce mata akwai wasu 'yan Afirka a Manchester da ba wanda ya taɓa ɗauka.

Ta roƙi Dakta ya gaya wa jama'a su zo yadda suke. Ranar Asabar, a wani zauren haya a Moss Side, suka zo yadda suke so a gan su. Direban bas ya shigo cikin shadda kamar minista. Masu shara a asibiti suka zo da leshi da gwala-gwalai. Da ta ɗaga kyamara sai kowa ya daina abin da yake yi, aka jeru manya a gaba, aka ɗaure fuska. Da ta sauke sai hira ta dawo, ana dariya ana raba nama. Ta ɗaga, aka sake jeruwa. Ta yi haka har hannunta ya gaji, Dakta yana gefe yana fassara mata ma'anar kowace hula.

Ta gudu kicin. A can ta samu Ajara, 'yar zangon Kumasi, mai aikin girki a wata makarantar firamare, tana kwashe wake da shinkafa. Ajara ta cika mata faranti ba tare da ta tambaye ta ba, ta dube ta sama da ƙasa, ta fara bincike da Turancinta na Ghana.

"Ke Balarabiya ce?"

"A'a."

"Ba'indiya?"

"A Amurka aka haife ni. Iyayena 'yan Meksiko ne."

"To ke wacce ce a ciki?"

"A Amurka 'yar Meksiko suke ce mini. In na je Meksiko kuma su ce ga Ba'amurkiya."

Ajara ta ƙara mata yaji. "Ashe ke ma 'yar zango ce. Mu a Ghana 'yan Najeriya ne, in mun je Najeriya su ce 'yan Ghana sun zo. Ci abinci, 'yar'uwa, ba a gane wannan magana da yunwa."

Ofelia ta tambaye ta wane ne mijinta a cikin masu manyan rigunan. Ajara ta ce ba ya nan, yana Birmingham, yana kula da tsofaffi a wani gida a Erdington, sai ƙarshen wata yake zuwa. Da a nan maganar ta tsaya, da ba a samu labari ba. Amma Dakta ya biyo baƙuwarsa kicin don kada ta fahimci wani abu ba tare da shi ba, kuma ya ji.

Ga abin da Dakta bai sani ba. Jibrilu, mijin Ajara, ya shigo Ingila ne da bizar ziyara don halartar sunan ɗan yayarsa. Suna ya ƙare, biza ta ƙare, Jibrilu bai ƙare ba. Wani tsohon maƙwabcinsu na zango, Bartholomew Adongo, Kirista mai tuƙin tasi a Manchester, ya ara masa sunansa da takardunsa don ya samu abin yi. Tunda Bartholomew biyu ba za su zauna a gari ɗaya ba, sai na aron ya koma Birmingham. Da wannan aikin ake ciyar da Ajara da 'yarsu Safia, kuma ranar da gidan tsofaffin ya gano, ba aikin kaɗai zai tafi ba.

Duk 'yan Ghana sun san wannan, kuma ba wanda ya taɓa furtawa, ko a tsakaninsu. Rufin asiri ke nan: ka sani, na san ka sani, mu yi maganar sanyi. Ɗaliban Najeriya masu tallafin karatu ba su sani ba. Shi kuwa Dakta, an yi ittifaƙi ba tare da an zauna ba cewa asirin da ya shiga kunnensa zai fito a babi na huɗu.

A gaban kowa Dakta ya kira Jibrilu a waya.

"Malam Jibrilu, albishirinka. Baƙuwarmu za ta zo wurin aikinka ta ɗauke ka. Bahaushe yana riƙe da tsofaffin Turawa, ai wannan tarihi ne."

"To, Dakta, madalla. Sai dai wurin da nisa."

"Jirgin ƙasa za ta hau."

"Haka ne. Sai dai shift ɗina, lokacin aikin nawa, ba shi da tabbas."

"Za ta jira."

"Kuma manajarmu tana da tsauri, Dakta."

"Baƙuwa ce fa, Malam Jibrilu. Daga Amurka."

Duk wanda uwa ta raina a zango ya san cewa uzuri uku a jere a'a ce sanye da riga. Dakta ya yi karatu mai zurfi, don haka ya ɗauke su a matsayin matsaloli uku, ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya sanar da Ofelia cewa mutumin yana murna.

Jibrilu ya tare ta a tashar bas ta babban titin Erdington, kafin ta kai ƙofar gidan ta tambayi wani suna. Dogo ne siriri, cikin shuɗiyar rigar aiki. Ya gaishe ta, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Manchester, ya tambayi Amurka baki ɗayanta. Da gaisuwa ta ƙare masa, sai ya dubi takalmansa.

"Madam, a ciki sunana Bartholomew. Bart suke cewa."

Ya shirya dogon bayani, da wata ƙarya a ƙarshensa ko da za a buƙata. Ba a buƙata ba. Ofelia ta mayar da murfin kyamararta.

"Babana ya yi shekaru yana tsinkar inabi da sunan wani Eusebio," ta ce. "Har ya rasu, in aka kira Eusebio a kasuwa sai ya waiga. Bari in koma, in ce ban same ka ba."

Sun makara. Margaret, manajar gidan, ta hango su ta taga, ta fito da hannu a buɗe. Mace ce mai kirki wadda kirkinta ba ya jiran a nema. Da ta ji abin da ya kawo baƙuwar, ta ce Bart ɗinta ne za a sa a mujalla? Ai ya cancanta, ba ta da kamarsa, tsofaffi har faɗa suke a kan wa zai yi wa aski. Ta ja su ciki, ta nemo izinin iyalan wani tsoho mai suna Mista Whitlock, ta kawo shayi.

Ofelia ta wuni a can. Ta ɗauki hotuna da yawa, ba fuskar Jibrilu ko a ɗaya. Wanda ta zaɓa a ƙarshe hannaye ne kawai: baƙaƙen hannaye biyu suna ɓalla maɓallin wuyan rigar tsoho, tsohon ya ɗaga haɓa ya rufe ido kamar jariri. A ƙasa ta rubuta, Hannaye, Erdington. Ita da Jibrilu suka rabu kowa yana ganin an tsallake rijiya.

Bayan wasu watanni aka shirya baje kolin hotunan a wani ɗakin nuni a tsakiyar Birmingham. Ofelia ta kira Jibrilu ta ce kada ya zo. Ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai zo ba. Sai Margaret ta sanar da shi cewa ta shirya motar gidan, za a kai Mista Whitlock ya ga kansa a bango, kuma Bart ne zai tura keken guragun tsohon. Ya ce ranar zai je ganin GP, wato likitansa. Ta ce ranar Asabar ce, love, likita ba ya aiki. A can Manchester kuma Dakta ya yi hayar doguwar mota, ya ce duk wanda bai je ba ya raina al'umma.

Ofelia ta samu Dakta a wani shagon shayi kusa da jami'arsa.

"In za ka yi jawabi, ina roƙonka kada ka ambaci sunan kowa."

"Saboda me?"

"Ƙa'idar aikina ce."

Dakta ya yi murmushin malamin da ɗalibarsa ta yi kuskure mai amfani. Ya ce wannan ɗabi'ar Yammacin duniya ce, inda mutum ke ɓoye kansa daga maƙwabcinsa. A wurinmu suna girma ne. Ba a karrama mutum a ɓoye. Ofelia ta ɗauki jakarta. Asirin ba nata ba ne, kuma ta yi shekara ashirin tana cin abinci da rashin faɗin irinsa. Ta fita tana tunanin ya fahimta, domin ya gyaɗa kai sau da yawa.

Ajara ma ta gwada, a cikin mota, a kan hanyar Birmingham. Ta je kujerarsa ta durƙusa.

"Dakta, Baban Safia fa mutum ne mai kunya."

"Kunya ado ce, Hajiya."

"Ina nufin ba ya son a nuna shi."

"Shi ya sa ya dace a nuna shi."

Ajara ta miƙe. Mace ba ta kwance wa mijinta zani a gaban wani namiji, balle a motar da kowa ya yi shiru yana sauraro. Ta ce Allah ya kai mu lafiya, ta koma wurinta. Matan Ghana suka dubi taga gaba ɗayansu.

Ɗakin nunin fari ne fat, da Turawa tsaye da kofuna a hannu suna karkata kai gaban hotuna. Jibrilu ya shigo yana tura Mista Whitlock, Margaret a gefensa. Daga ɗaya ƙofar shadda da leshi suka kwararo. Ya yi lissafin cewa ɗakin yana da faɗi, in ya tsaya a tsakiya ya riƙa gyaɗa kai, kowane ɓangare zai ɗauka da shi yake. Na ɗan lokaci lissafin ya yi aiki. 'Yan Ghana suka kewaye shi, ba wanda ya kira shi da wani suna sai Baban Safia, wasu ma maigida kawai suke cewa. Margaret ta ce abokan Bart suna da fara'a.

Sai aka ba Dakta makirufo don ya yi godiya a taƙaice.

Ya fara daga ƙarni na sha huɗu. Da ya iso zamaninmu, ya taka zuwa gaban hoton hannayen, ya tsaya, ya girgiza kai. Ya ce cikin Turancinsa mai nauyi, yana girmama baƙuwa, amma waɗannan hannaye suna da mai su. Ba a tsinto su a titi ba. Mutum ne ɗan mutane, kuma yau za a san shi.

"Malam Jibrilu Waris, ɗan zangon Kumasi, jikan limami, fito jama'a su gan ka."

Ba wanda ya motsa. Ofelia ta ce da ƙarfi lokaci ya yi da za a sha shayi. Wata tsohuwa 'yar Ghana ta fara tari mai tsawo. Dakta ya nuna da yatsa, kai tsaye, bisa kan Mista Whitlock, wanda ya ɗauka da shi ake ya ɗaga hannu.

Margaret ta waiga bayanta ta ga ba kowa sai bango. Ta ɗaga yatsa cikin ladabi.

"Yi haƙuri, love, ina jin an samu kuskure. Hannayen Bartholomew ne. Ina wurin aka ɗauka."

"Wane ne Bartholomew?"

"Ga shi nan. Bart."

"Wannan Jibrilu ne."

"Bart ne. Shekararsa huɗu a wurina."

"Madam, na ci abinci a gidansa."

Duka biyun suka juya ga Jibrilu. Shi kuma ya sunkuya yana gyara bargon da ke kan gwiwar Mista Whitlock, bargon da ba abin da ya same shi. Mista Whitlock ya tambaya ko an fara raba kek.

A nan ne haske ya sauko wa Dakta, aka ga saukarsa a fuskarsa. Ya gane komai. Ya juya ga taron, ya ce ga shi nan a gabanku, abin da nake rubutawa. Mutum ya zo da sunan da aka raɗa masa da rago, an ga yana da wuyar faɗa, an cire an liƙa masa Bartholomew. Haka aka yi wa kakanninmu a jiragen ruwa. Haka aka yi a makarantun mishan. Yau ga shi a Erdington, a ƙarni na ashirin da ɗaya, jikan limami yana amsa sunan da ba nasa ba don ya ci abinci, kuma kunya ta hana shi magana.

Rabin maganar gaskiya ce, wanda ya sa ta fi haɗari. Turawan suka ajiye kofuna suka tafa, wasu da jajayen fuskoki. Ɗaliban Najeriya suka yi kabbara a hankali. 'Yan Ghana suka tafa su ma, domin rashin tafawa zai buƙaci bayani.

Kyamarar Ofelia tana rataye a wuyanta. A gabanta ga fuskar mutum tsakanin sunaye biyu, hasken taga ya faɗo mata daidai, hoton da ta yi rayuwarta tana nema daga Fresno zuwa nan. Hannunta ya kai kan kyamarar da kansa. Ta bar shi a can, bai ɗaga ba.

Margaret ta yi kuka. Ta kama hannun Jibrilu ta ce ba ta san ta ina abin ya faru ba, tun kafin ta zama manaja ne, wataƙila kamfanin da ya kawo shi ne ya rubuta haka, amma ba uzuri ba ne. Shekara huɗu tana kiransa da sunan wani, bai taɓa cewa komai ba. Ta sa ya maimaita mata Jibrilu har ta iya.

"Ranar Litinin ka zo mini da fasfo ɗinka," ta ce tana share ido. "Da kaina zan zauna a ofis in gyara komai, albashi, haraji, duka. Ba za ka ƙara kwana da sunan da ba naka ba."

"Na gode, madam," in ji Jibrilu.

"Ka gani?" Dakta ya dafa kafaɗarsa, ya koma Hausa. "Magana ɗaya ce. Da ka yi shiru har yaushe?"

"Haka ne, Dakta."

Ofelia ta same shi a waje, wajen da ake loda keken Mista Whitlock a mota. Ta ce za ta je ta yi wa Margaret bayani. Ya ce wane bayani? Ta ce ta san lauya a Landan. Ya ce Allah ya saka. Ta ce za ta cire hoton daga bango da mujallar baki ɗaya. Ya yi tunani kaɗan, ya ce a'a, ta bar shi, hoton ya yi kyau, kuma Mista Whitlock ya ji daɗi. Ta tsaya a bakin titi ba ta san wa za ta ba haƙuri ba, ko a kan me, tunda ta bi kowace ƙa'ida da ta sani.

Hoton ya fito a mujalla a shafi biyu. An yaba shi ƙwarai, an ce ya nuna yadda baƙi ke riƙe da Ingila ba tare da an ga fuskarsu ba, kuma daga baya ya ci wata lambar yabo. Duk inda aka gayyaci Ofelia ta yi magana a kansa, takan ce ba ta tuna ranar sosai. Dakta ya samu babinsa na huɗu.

Ranar Litinin da safe Margaret ta sa aka yi sabon bajon ƙirji mai ɗauke da JIBRILU, ta ajiye a kan teburinta kusa da kek ɗin da ta gasa. A lokacin Jibrilu yana tashar manyan motoci ta Digbeth da jaka biyu da tukunyar dafa shinkafa a leda. Ya riga ya kira Bartholomew na gaskiya ya ce masa in an tambaya, bai san kowa a Birmingham ba. Bai san inda zai nemi aiki ba, ko da wane suna.

Wayarsa ta yi ƙara. Dakta ne.

"Malam Jibrilu, ya ake ciki? Sun gyara?"

"Ana kai, Dakta."

"In sun yi maka wasa ka gaya mini. Har council, hukumar gari, zan kai su."

"A'a, ba sai an kai can ba. An gode ƙwarai. Allah ya ƙara ilimi."

Ya jira Dakta ya fara kashewa, kamar yadda ya dace. Sannan ya buɗe bayan wayar, ya zare layin, ya jefa a kwandon shara, ya ɗauki kayansa ya bi layin masu zuwa Manchester.